'Yan Igwar Laima na Amurka: Yadda Suke Faɗawa Hannu da Abin da Ke Biyo Baya

A daren 5 ga Yuni 1944, wayewar 6 ga wata, jiragen dakon soja na Amurka fiye da 800 suka tashi daga kudancin Ingila ɗauke da sojojin laima kimanin 13,000, suka nufi Normandi a arewacin Faransa. Cikinsu akwai bataliya ta 377 ta 'yan igwa, wadda ke ƙarƙashin runduna ta 101. Da igwogi 12 ta tafi. Gari na wayewa aka duba, guda ɗaya kacal ta samu. Sauran 11 sun salwanta, mutanenta kuwa an watsa su a gonaki da ƙauyuka, da yawa can arewa wajen garin Valognes, inda Jamusawa suka fi kauri. Wasu an kashe su, wasu sun yi kwanaki suna ɓuya har suka sadu da 'yan'uwansu, wasu masu yawa kuma sun ƙare yaƙin a bayan waya mai ƙaya. Wanda duk ya bi labarin irin wannan soja zai ga abu biyu: tsarin aikin nasa ne da kansa ya miƙa shi ga abokan gaba, kuma abin da ya raya shi bayan kamu lissafi ne na gwamnatoci da ƙunshin abinci, fiye da tausayin masu tsaronsa.

Sai an fahimci igwar kafin a fahimci mutumin. Sojan laima yana sauka ne a bayan layin abokan gaba da abin da jikinsa zai iya ɗauka: bindiga, gurneti, ɗan guzuri. In tanka ta tunkaro shi, ko aka yi masa ruwan wuta daga nesa, ba shi da abin mayar da martani. Don toshe wannan giɓi sai rundunar Amurka ta ɗauko wata tsohuwar igwa mai bakin milimita 75, wadda tun asali an ƙera ta ne don yaƙin duwatsu, a kwance ta kashi shida a ɗora wa alfadarai. Nauyinta ya haura kilo 600, tana jefa harsashi mai kilo 6 da ɗoriya zuwa nisan kusan kilomita 9. Tsofaffin sojojin Afirka ta Yamma da suka je Bama sun san dangin wannan igwa, domin rundunoninsu ma suna da ƙaramar igwar Ingila da ake kwancewa, kuma a ka ake ɗaukar sassanta. Amurkawa sai suka ce tunda tana kwantuwa don alfadari, ai za ta kwantu don laima. Aka raba ta ƙunshi tara, wasu a rataye a ƙarƙashin cikin jirgi, wasu a bakin ƙofa a tura su da hannu, sannan masu ita su biyo baya. Kowace bataliya tana da rukuni uku, kowane rukuni igwa huɗu.

A filin atisaye, da rana, abin gwanin sha'awa ne. A daren yaƙi kuwa, kamar a kwance keken ɗinki ne a jefa sassansa a gonaki tara, a ce wa tela ya tattaro su cikin duhu ya fara ɗinki alhali ana harbinsa. In ƙunshi takwas suka samu, na tara ya faɗa fadama, to babu igwa. In duka tara suka samu, mutanen da za su ja ta suka sauka a wata gona mai nisa, nan ma babu igwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shi kuma babu mota, sai dai a ɗaura igiya a ja da ƙarfin ƙirji. Sojan ƙasa na laima in ya ɓace yakan haɗu da mutum uku ko huɗu su zama ƙaramar runduna, su tare hanya, su yanke wayar tarho. Ɗan igwa da ya rabu da igwarsa ya zama mutum mai ƙaramar bindiga a ƙasar da bai sani ba, kuma aikinsa na farko shi ne ya tsaya yana neman ƙunshi a fili, daidai lokacin da hankali ke cewa ya nemi daji.

Wannan matsala ba a Normandi ta fara bayyana ba. A Sisili, daren 9 ga Yuli 1943, iska mai ƙarfi ta watsa sojojin runduna ta 82 a faɗin kudancin tsibirin, ciki har da bataliya ta 456 ta 'yan igwa. Duk da haka 'yan igwogin da aka iya haɗawa sun yi rawar gani a tudun Biazza ranar 11 ga wata, inda Kanar James Gavin ya tare tankokin Jamus da 'yan mutane kaɗan. Wannan ne ya ba masu goyon bayan tsarin hujja. Amma a daren wannan ranar aka yi babbar asara: jirage 144 da suka ɗauko kashi na biyu, har da bataliya ta 376, sun bi ta kan jiragen ruwan ƙawance, waɗanda suka zaci na Jamus ne suka buɗe musu wuta. Jirage 23 suka faɗi. Runduna ta 82 ta ɗauki darasi, domin da aka zo Normandi akasarin igwoginta ta jirage marasa inji da ta teku ta kawo su. Runduna ta 101 ce ta sake gwada jefa bataliya sukutum cikin dare, aka ga abin da ya faru.

Me ya watsa su a Normandi? Da jiragen suka shigo gaɓar Kotantan sai suka tarar da gajimare mai kauri, matuƙa suka rarrabu don kada su yi karo. Suna fitowa sai wutar bindigogin kakkaɓo jirage. Wasu suka ƙara gudu, wasu suka sauka ƙasa-ƙasa, wasu suka wuce filin da aka shata ba su gan shi ba. Jamusawa kuma sun riga sun malale kwarin kogin Merderet da na Douve da ruwa, wanda ya haɗiye kaya da mutane. Cewa laifin dare ne da tsarin ya tabbata bayan wata uku: ranar 17 ga Satumba 1944, a Holan, bataliya ta 376 ta sauka da rana tsaka kusa da Groesbeek, ta haɗa akasarin igwoginta 12 ta fara harbi tun kafin rana ta faɗi. Mutanen iri ɗaya ne, igwar ita ce dai. Daga nan Amurka ba ta sake jefa babbar runduna cikin dare a Turai ba.

Akwai 'yan igwar da ba su taɓa tsalle da laima ba, amma su ma 'yan rundunar sama ne: waɗanda ake sakawa a jirgi marar inji mai suna Waco, na bututun ƙarfe da katako da tamfol, a ja shi da igiya a sake shi. Igwarsu takan sauka a haɗe, in dai jirgin bai daki shinge ko bishiya ba. Abin haushi, ɗan laima yana karɓar ƙarin dala 50 a wata, wanda ya yi daidai da albashin kurtu gaba ɗaya, shi kuwa na jirgi marar inji bai samu ko kwabo ba sai a tsakiyar 1944.

To, an kama shi. Sa'o'in farko su ne mafi hatsari, domin a nan doka ba ta da mai tsaron ta. Tun 18 ga Oktoba 1942 Hitler ya ba da umarnin a kashe duk ɗan kwamando da aka kama, ko da yana sanye da kaki. A aikace akasarin kwamandojin Jamus ba su aiwatar da umarnin kan manyan rundunonin laima ba, amma ya isa ya ba mai mugun nufi mafaka. A ƙauyen Graignes na Normandi, ranar 11 ga Yuni 1944, sojojin SS na Jamus sun kashe 'yan laimar Amurka da suka ji rauni tare da masu jinyarsu da limaman cocin ƙauyen. Ranar 17 ga Disamba kuma, kusa da Malmedy a Beljiyam, an harbe fursunoni 84, yawancinsu daga bataliya ta 285 mai leƙen asiri wa 'yan igwa. Wanda ya tsallake wannan mataki, sai tattaki ko babbar mota zuwa wurin tattarawa. Fursunonin Normandi an bi da su ta Saint-Lô da Alençon da Chartres, wasu an zaga da su titunan Paris don a ɗauki hoton farfaganda. A hanya jiragen ƙawance sukan buɗe wa ayarin wuta, tunda daga sama mota mota ce.

Sai tarago. Irin na dakon kaya ne da Faransawa suka rubuta wa mutum 40 ko doki 8, amma a cusa fiye da haka a kulle, kwana da kwanaki, da bokiti ɗaya. Akasarin sojojin ƙasa na Amurka sun fara sauka ne a sansanin Stalag XII-A da ke Limburg, inda ake rubuta suna, a ɗauki hoto, a ba mutum lambar ƙarfe ta fursuna. Yarjejeniyar Geneva ta 1929 ta ce ba a tilasta wa fursuna ya faɗi fiye da sunansa da muƙaminsa ko lambarsa. Ta kuma raba mutane gida uku, kuma wannan rabon shi ya yanke wa kowa irin zaman da zai yi: hafsa ba ya aiki, kofur da saje sai dai su sa ido kan masu aiki, kurtu kuwa ana iya tura shi gona ko masana'anta ko gyaran titin jirgi. Don haka aka tura masu igiya da yawa Stalag III-C kusa da Küstrin a bakin kogin Oder, ƙananan soja kuma aka rarraba su irin su Stalag II-B a Hammerstein, Stalag IV-B a Mühlberg da Stalag VII-A a Moosburg. Wani lokaci kurtun da ya faɗa gona ya fi sajen da ke zaune ƙoshi, domin inda ake haƙar dankali ba a rasa na sakawa a aljihu.

Yunwa ita ce jigon labarin kowane fursuna. Yarjejeniyar ta ce a ciyar da shi kamar yadda ake ciyar da sojan ƙasar da ke bariki. Jamus ba ta yi haka ba. Abin da ake bayarwa shi ne ruwan zafi mai launin kofi da safe, miyar ganye mai ruwa-ruwa da rana, 'yan ƙwayoyin dankali, da baƙin burodi da ake raba wa mutum shida ko fiye, wanda fursunoni suka yi ittifaƙi akwai garin katako a ciki. Abin da ya cike giɓin shi ne ƙunshin Red Cross. Kwali ne mai kimanin kilo 5: naman gwangwani, madarar gari, man shafawa a burodi, cuku, busasshen inabi, sukari, kofi, cakulan, sabulu da taba sigari. Masu aikin sa kai ke haɗa shi a birane irin su Philadelphia da New York, a kai shi ta teku zuwa Lisbon ko Marseille, ya bi ta Geneva ya shiga Jamus. Amurka ta aika fiye da miliyan 27. Ƙa'idar ita ce kowane mutum ƙunshi ɗaya a mako.

Tabar da ke cikin ƙunshin nan ta zama kuɗi. Da ita ake sayen burodi, da ita ake biyan wanzami, da ita ake sayen ido-rufe daga mai gadi. Wani hafsan Ingila, R. A. Radford, wanda shi ma ya yi zaman fursuna, ya rubuta maƙala a 1945 kan yadda farashi ke hawa da sauka a sansani gwargwadon isowar taba, kuma har yau malaman tattalin arziki suna karantar da ita. Mutumin da ba ya shan taba shi ne attajirin ɗaki.

Yanzu a dubi alƙaluma, domin su ne ke nuna gaskiyar al'amarin. Amurkawa kimanin 94,000 ne Jamus ta riƙe, kuma waɗanda suka mutu a tsare ba su wuce ɗaya cikin ɗari da 'yan kai ba. Na hannun Japan, kimanin 27,000, kusan huɗu cikin goma ba su dawo ba. Sojojin Tarayyar Sobiyet da Jamus ta kama sun kai miliyan 5.7, kuma kimanin miliyan 3.3 suka mutu, galibi da yunwa, wani lokaci a sashen da waya kawai ta raba da na Amurkawa. Gwamnati ɗaya, masu gadi iri ɗaya. Jamus ta fake da cewa Sobiyet ba ta sa hannu a yarjejeniyar ba, amma wannan hujjar banza ce, domin yarjejeniyar ta ɗora wa wanda ya sa hannu nauyi ko da abokin gabansa bai sa ba. Dalilin gaskiya guda biyu ne. Na farko aƙidar Nazi, wadda ta jera 'yan Adam hawa-hawa. Na biyu, ba ni gishiri in ba ka manda: Amurka tana riƙe da Jamusawa fiye da 370,000 a cikin ƙasarta, Suwizalan tana zagaya sansanonin ɓangarorin biyu tana kai rahoto, kuma Berlin ta san abin da ta yi wa ɗan wani shi za a iya yi wa nata.

Ko a cikin kakin ƙawance ma kariyar ba ta game kowa ba. A 1940 sojojin Jamus sun karkashe baƙaƙen sojojin Faransa 'yan Afirka ta Yamma bayan sun miƙa wuya, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Lyon, sauran kuma aka tsare su a sansanoni cikin Faransa don kada su taka ƙasar Jamus. A ranar da aka yi kisan Malmedy, a ƙauyen Wereth, 'yan SS sun azabtar suka kashe baƙaƙen Amurkawa 11 na bataliya ta 333 ta 'yan igwa, aka yi shekaru ba a ko ambaton su. A Fabrairu 1945 aka ware Amurkawa 350 daga Stalag IX-B da ke Bad Orb, Yahudawa da waɗanda aka ga sun yi kama da su da waɗanda aka kira masu taurin kai, aka kai su Berga haƙar rami a cikin dutse. Fiye da 70 suka mutu. A Stalag IX-A kuwa, da aka ce Yahudawa su fito, babban saje Roddie Edmonds ya sa duk Amurkawan sansanin suka fito tare, ya ƙi nuna kowa duk da bindigar da aka ɗora masa a ka. Ɗan igwar laima da aka kama, in fari ne kuma ba Bayahude ba, yana cikin waɗanda suka fi kowa sa'a a sansanonin Hitler, ko da yake in aka gaya masa haka a lokacin sanyin 1945 ba zai yarda ba.

Domin a wannan lokacin ne komai ya rushe. Harin da Jamus ta kai a dajin Ardennes a Disamba 1944 ya jefa Amurkawa fiye da 20,000 cikin jerin kamammu da ɓatattu. A wannan karon 'yan igwar runduna ta 101 da manyan motoci aka kai su Bastogne, igwoginsu a haɗe, mutanensu a tare, kuma bambancin ya fito: bataliya ta 463 ta tare tankokin Jamus kusa da Hemroulle ranar Kirsimeti, kuma wanda ya riƙe rundunar a lokacin da Jamusawa suka yi wa garin ƙawanya, Janar Anthony McAuliffe, shi kansa kwamandan igwa ne. Amma sababbin fursunoni sun cika sansanoni maƙil daidai lokacin da bama-baman ƙawance suka ragargaza layukan dogo, ƙunshin Red Cross ya daina isowa a kan kari. Ƙunshin mutum ɗaya ya koma na biyu, na huɗu, sannan shiru. Ƙwarƙwata da atuni suka yi yawa. Daren 23 ga Disamba jiragen Ingila da suka nufi tashar jirgin Limburg suka jefa bam a sansanin Stalag XII-A, suka kashe Amurkawa da dama.

Da rundunar Sobiyet ta matso daga gabas sai Jamusawa suka fara kora fursunoni yamma da ƙafa cikin dusar ƙanƙara, ana kwana a rumbunan manoma. 'Yan Stalag III-C ba su yi nisa ba: ranar 31 ga Janairu 1945 tankokin Sobiyet suka ci karo da ayarinsu, suka buɗe wuta kafin su gane ko su wane ne. Waɗanda suka tsira sai suka kama hanyar gabas da kansu, ta Folan har tashar ruwa ta Odessa, daga can aka kwaso su. Daga wannan sansanin ne Joseph Beyrle, ɗan laima na runduna ta 101, ya tsere ya shiga cikin wata bataliyar tankokin Sobiyet ya yi yaƙi tare da su. Ɗansa John Beyrle ya zama jakadan Amurka a Rasha a 2008. Irin wannan labari ne fina-finai ke so, amma ɗaya ne cikin dubbai. Yawanci jira suka yi. Moosburg, da aka gina don mutum 10,000, tana ɗauke da fiye da 70,000 ranar 29 ga Afrilu 1945 da runduna ta 14 ta tankokin Amurka ta iso.

A gida kuwa, iyali sukan fara samun waya ce daga ma'aikatar yaƙi cewa ɗansu ya ɓace a fagen fama. Sai bayan makonni, wani lokaci watanni, sunansa ya biyo ta Geneva, a sake aiko da wata cewa yana raye a hannun Jamus. Bayan 'yanci an tara akasarinsu a wani sansanin tantuna a gaɓar Normandi da aka laƙaba wa sunan taba, Lucky Strike, inda likitoci suka yi ta fama da su kada su cika ciki lokaci guda bayan doguwar yunwa. Albashinsu na watannin tsare yana nan an tara musu. Dokar diyya ta 1948 ta ba kowannensu dala ɗaya kan kowace ranar da ba a ciyar da shi yadda yarjejeniya ta ce ba, daga baya aka ƙara dala ɗaya da rabi saboda aikin tilas da muguwar mu'amala. Lambar girmamawa ta fursunan yaƙi kuwa sai 1985 majalisar dokokin Amurka ta amince da ita, shekara 40 bayan an buɗe ƙofofin.

Wannan jinkiri ya nuna yadda aka ɗauke su. Ƙasar da ta ci yaƙi labarin waɗanda suka kutsa take so, kuma da yawa daga cikin waɗannan mutane sun dawo suna jin nauyin cewa sun ɗaga hannu, duk da cewa wanda aka jefa kilomita da yawa daga inda aka nufa, cikin dare, ba tare da igwarsa ba, babu wani zaɓi da ya rage masa. Da yawa ba su yi maganar ba har tsufa. Jikokin da ke son sanin abin da ya faru sukan ci karo da wani cikas: ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun soja da ke St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa 1960. Saboda haka tarihin ɗan igwa guda ɗaya yanzu sai an harhaɗo shi daga rahoton safiya na rukuninsa, jerin sunayen waɗanda suka hau kowane jirgi, rajistar fursunoni ta ma'ajiyar tarihin Amurka, da katin da hukumar Red Cross ta ajiye a Geneva, wanda sau da yawa magatakardan Jamus ne suka fara cike bayanansa a Limburg.